Azumin da Muka Auna Ilektron

Bana azumi ya sake faɗowa a tsakiyar bazara. Tun ƙarfe tara na safe bangon ɗakina na Batsari yake ɗaukar zafi, kafin azahar kuwa ko tabarma ka taɓa sai ka ji kamar yanzu aka ɗauke ta daga bakin murhu. Watan azumi a hankali yake zagaya shekara, sai ya yi wajen shekara talatin da uku kafin ya dawo inda ya baro. Na lissafa na ga daidai ne. Rabona da irin wannan azumi tun ina malamin makaranta ɗan shekara ashirin da biyar, shekarar da ni da Buba muka auna ilektron a cikin sito.

Na yi shekara talatin ina karanta labarai a rediyo, aikin da ya koya mini in fara da abin da ya fi muhimmanci. To ga shi: gurbin karatu ɗaya ne, mu biyu ne, kuma ba ni na samu ba.

Daminar da ta gabaci wancan azumi ba ta yi ba. Ruwa ya ɗauke gero yana fitar da kai, zangarniya ta tsaya rabinta ƙaiƙayi. A gidanmu na Wagini rumbu uku ne, ɗaya kaɗai aka cika da kaka, kuma kafin a ga watan azumi Baba sai ya shige cikinsa har wuya sannan ya taɓo dami. Inna ta ajiye babbar ƙwaryar awo ta koma ƙarama. Rijiyoyi suka ja baya, guga na dawowa rabinsa laka. Mata na tafiya rafi su tona yashi har hannu ya nutse, su zauna suna jiran ruwa ya tsattsafo su kwarfa da ludayi. Shanun Fulani kuwa daga nesa kana iya ƙirga haƙarƙarinsu, ganyen gawo ake sassaɓo musu. Sau biyu gari ya fita roƙon ruwa, aka dawo sama fes.

Ni da Buba ɗaki ɗaya muke a gidajen malamai. Shi ɗan Fulanin Babban Duhu ne, can ƙasar Safana, ni ɗan manoman Wagini. Tare muka gama kwalejin horon malamai, tare aka turo mu koyar da kimiyya a makarantar kwana ta maza. Da sahur mu ɗumama tuwon dawa a risho, miyar kuka ba mai ba nama, daddawa da barkono ne gatanta, mu bi da ruwa har ciki ya riƙa ƙara. Mu yi aji har ƙarfe goma sha biyu. Bayan la'asar mu jiƙa zani mu lulluɓa mu kwanta a siminti, kafin minti ashirin ya bushe ƙayau. Da magariba kunun tsamiya ne, da ƙosai uku-uku ranar da aka samu wake. Ƙanƙara labarinta kawai muke ji. Yanzu sola na kan rufina, jikokina kuma rigimarsu ita ce wa ya buɗe firij ya bar shi.

Ban ƙi Buba ba, ina so wannan ya fito fili. Amma ina ƙirgawa. Ni nake shirya darasi shafi huɗu da jan biro da baƙi, shi ya shiga aji da guntun alli a aljihu, riga ba guga, a tashi yara su biyo shi har ƙofar gida suna tambaya. Turancina ya fi nasa nesa ba kusa ba. In ya fara jimla da Turanci sai ka ji tausayinsa kafin ya kai ƙarshe. Duk da haka in abu ya cije, wurinsa ake zuwa.

Ran Juma'a in an sauko masallaci nakan goya shi a keke mu tafi Wagini. Ina da agogon hannu da ɗan littafin aljihu, kuma komai sai na rubuta. Zuwa awa ɗaya da minti ashirin, dawowa ba ta cika awa ɗaya ba, don iskar gabanin damina tana tare mu in za mu, tana tura mu in za mu dawo. Na taɓa yi masa ƙorafin haka, na nuna masa shafin.

"Kaɗo," ya ce, yadda Fulani ke kiran Bahaushe, "har iskar Allah ma sai ka sa ta a rajista?"

"Gara ni. Ku da ko shanunku ba ku yarda a ƙirga."

A mako na biyu na azumi Baba ya ce a yi binne, wato a zuba iri a busasshiyar ƙasa a jira ruwan farko. Kasada ce. In yayyafi ya sauko bai ratsa ba, iri ya tsiro ya mutu, kuma wanda ke cikin tulun Inna shi ne na ƙarshe. Muka fita bayan asuba. Ni da ƙannena muna sara da sungumi, Buba da Baba na biye suna jefa iri suna rufewa da diddige. Ƙasa ta yi tauri har sungumi na tsalle. Kafin hantsi leɓena ya tsage, ina jin ɗanɗanon jini ina tofarwa don kada ya wuce. Da shan ruwa Inna ta miƙo mana ƙwaryar kunu, ta dubi Buba.

"Wanga ɗan Fulani ya fi ka hannun shuka, Lawal. Mi ya hana ka koya wurinai?"

Wasa take yi. Amma na ga ƙosan da ta ƙara masa, guda ɗaya, kuma har yau ina iya nuna gefen faifan da ta ajiye shi.

Ana cikin haka takarda ta zo daga ma'aikatar ilimi: malamin kimiyya ɗaya daga makarantarmu zai tafi jami'a ya yi digiri. Ga wanda ya taso yana kallon rumbu yana sauka, wannan takarda ita ce hanyar fita daga jiran hadari har abada. Malam Sada, shugaban sashenmu, dattijo ne mai gudun ɓacin ran mutane. Ya ce shi ba zai zaɓa tsakanin 'ya'yansa ba. Wani jami'i zai zo a goman ƙarshe, kowa ya nuna masa abin da ya iya. Sannan ya ba mu makullin sito ya ce akwai wani akwati a ciki da ba a taɓa buɗewa ba tun zuwansa.

Gara ta ci kusurwar akwatin, amma kayan na nan lafiya cikin ciyawa. Ƙwan gilashi ne mai girman ƙaramin tulu, zaune tsakanin manyan zobba biyu na naɗaɗɗiyar wayar jan ƙarfe, da mitoci biyu, da ɗan littafin bayani. Aikinsa shi ne auna ilektron, ɗan mitsitsin abin nan da ke cikin ƙwayar zarra, wanda gudunsa a waya shi ne wutar lantarki. Ba ya hawa sikeli, ba a ganinsa. Amma in ka zafafa 'yar waya a cikin ƙwan, ilektron za su fito, ka ingiza su da ƙarfin wuta, su ratsa 'yar iskar da aka bari a ciki, sai sawunsu ya bayyana kamar zaren haske shuɗi. In ka sa wa zobban nan wuta sai su zama maganaɗisu, zaren ya lanƙwasa, ya yi ta lanƙwasa har ya kamo wutsiyarsa ya zama da'ira. Abu uku kake buƙata: ƙarfin da ka ingiza su da shi, ƙarfin maganaɗisun zobban, da faɗin da'irar. Daga nan lissafi zai gaya maka yawan cajin da ilektron ke ɗauke da shi in an gwada da nauyinsa. Amsar da duniya ta sani tana farawa da ɗaya da ɗigo saba'in da shida, sauran sifirai ne masu yawa da ba su dame mu ba.

Matsala biyu ce. Zaren ba ya ganuwa sai a duhu, wuta kuma ba mu da ita sai ta janareta, wanda ake tayarwa daga ƙarfe ɗaya zuwa biyu da rabi don famfon burtsatse ya cika tankin ɗalibai kafin shan ruwa. Saboda haka da tsakar rana muke ƙera duhunmu. Muka toshe taga da bargon kiwo na Buba, muka rataya gwadon Inna a ƙofa, muka cusa tsummoki a ƙarƙashi. Rufin kwano ne ba silin. Minti biyar da shiga riga ta manne a baya, gumi na ɗiga daga haɓa, harshe ya yi nauyi kamar ba naka ba. Daga waje kana jin ƙugin famfo da ƙarar ruwa yana zuba a tanki, sautin da bai kamata mai azumi ya ji ba.

Ranar farko da zaren ya rufe ya zama da'ira, Buba ya yi salati a hankali. Ni na duba agogo na rubuta lokaci.

Muka raba aiki yadda halinmu yake. Shi ke murɗa maɓallai, ni nake karanta faɗin da'ira a jikin ma'auni da madubi, in rubuta, in yi lissafi. Azahar kuma a cikin wannan awa da rabi take faɗowa. In muka je masallaci rabin lokacin ya tafi, don haka muke yin alwala tun kafin a tayar da inji, mu yi sallarmu a ciki. Mutum biyu ba sa cin wuri. Liman da mamu kafaɗa da kafaɗa suke tsayawa, 'yar kafar da ke tsakanin tebur da bango ta ishe mu. Teburin kuwa yana nan yadda muka same shi, mai duba da'ira yana fuskantar arewa.

Kwana shida muna awo, amsa ɗaya take fitowa: ɗaya da ɗigo tamanin da bakwai, wani lokaci da shida, wani lokaci da takwas. Ta haura ta littafi, kuma kullum da tazara ɗaya. Na yanke cewa ɗaya daga cikin mitocin ne ya tsufa a akwati, har na fara rubuta rahoto mai kyau a kan haka.

A rana ta bakwai Malam Sada ya leƙo ya ga abin da muke yi, lokacin salla ya same shi a ciki. Mutum uku kuwa ba sa tsayawa kamar biyu. Liman zai wuce gaba, biyu su yi sahu a bayansa. Wuri bai isa ba, sai muka kama teburin da kayansa muka juya shi ya bi jikin bango. Malam ya ja mu, ya yi mana addu'a, ya fita yana fifita da hula. Saura minti goma a kashe inji, ba mu tsaya mayar da tebur ba, muka yi awo ɗaya a gurguje. Ya ba da ɗaya da ɗigo saba'in da bakwai.

Na dube shi na dubi 'yan'uwansa sama da talatin da suka yarda da juna. Na ɗauki rula na ja masa layi, na rubuta a gefe: kuskure, gajiyar azumi. Washegari muka mayar da tebur, amsa ta koma inda take, na ji daɗi.

Bayan kwana biyu, muna zaune a baranda muna jiran kiran magariba, kofunan kunu a gabanmu, Buba yana buɗe littafina don kashe lokaci. Ya tsaya a wani shafi.

"Wannan da ka soke, na wace rana ce?"

"Ranar da Malam ya shigo. Hannuna na rawa."

"Hannunka bai taɓa rawa ba, Kaɗo. Ko a makabarta aka ba ka rula daidai za ka auna." Ya sake duban shafin. "Ranar da muka juya tebur ke nan."

Aka kira salla, ni na sha kunu, shi ya manta nasa har ya yi fata a sama. Washegari ya aro kamfas wurin malamin labarin ƙasa, ya ɗora a tebur, allurar ta kwanta daidai da hanyar da zobban ke kallo.

"Ka gani? Ƙasar nan da muke kai ita ma maganaɗisu ce, ƙarfinta kudu da arewa yake bi. Kwana da kwanaki tana sa mana hannu a awo ba mu sani ba. Da muka juya gabas don salla sai ta sake mu. Mitarka lafiyarta lau."

Muka juya muka gwada sau biyar. Da'irar ta ƙaru da kamar faɗin ƙwayar dawa, amsa ta sauko ta zauna kusa da ta littafi. Buba ya riƙa dukan kafaɗata yana dariya, yana cewa littafina ne ya kama ɓarawon. Ni ma na yi dariya. Amma ina ƙirgawa. Ni na auna lambar nan, da hannuna na rubuta ta, da hannuna na soke ta. Shi kallo ɗaya ya yi mata yana jiran kunu. Na yaga rahoton mitar na sa a risho.

Jami'in ya zo ranar ashirin da uku ga wata, wani dattijo siriri mai tabarau, wanda aka ce ya koyar da kimiyya kafin ya koma ofis. Tun safe gari ya yi cif, ba iska, sama ta yi fari kamar toka. Mu huɗu muka shiga sito, aka saki barguna. Ni na nemi in fara. Ba wanda ya sa ni, kuma na san dalilin da ya sa na nema.

Na yi bayani da Turancin da ban taɓa yin irinsa ba. Na kunna zare, na rufe da'ira, na auna, na fitar da amsa. Sannan na nuna kamfas na ce na lura cewa maganaɗisun ƙasa yana ɓata awo, shi ya sa na juya teburin gabas. Haka na faɗa, ban ambaci kowa ba. A duhun nan ban ga fuskar Buba ba, numfashinsa kawai nake ji a bayana. Abin da ya shirya faɗa ke nan, na cinye shi duka.

Dattijon ya ce madalla. Sannan ya miƙa hannu ya ɗauke kamfas ɗin ya sa a aljihu.

"To Malam, a ce kana makarantar da ba kamfas. Gabas ɗin da kuke salla kuma ba gabas ce cif ba, ta ɗan karkata arewa. Yaya za ka yi ka fitar da hannun ƙasa daga awonka?"

Na buɗe baki. Ina jin ruwa na zuba a tanki a waje. Na ce za a iya aro kamfas daga wata makaranta. Malam Sada ya yi tari.

"Kai fa?" in ji dattijon.

Buba ya fara da Turanci, ya sarƙe a jimla ta biyu, ya ce, "Ranka ya daɗe, a yi mini izini in faɗa da Hausa."

"Ilektron bai san Turanci ba. Faɗi."

"Ba sai mun san gabas ba. A aje teburin duk inda aka ga dama a auna. Sannan a juya shi gaba ɗaya, gabansa ya koma baya, a sake aunawa. In ƙasa ta ƙara mana a na farko, za ta rage mana daidai wannan a na biyu. Kamar keken Malam Lawal ne. In za mu Wagini iska na tare shi, in za mu dawo tana tura shi. In ka haɗa gudun zuwa da na dawowa ka raba biyu, ka san ƙarfin ƙafarsa."

Muka kama teburin, har da ni. Aka fuskanci arewa, da'ira ta tsuke, amsa ta hau tamanin da bakwai. Aka juya kudu, ta buɗe da kamar faɗin ƙwayar wake, amsa ta sauka sittin da biyar. Ni aka ba lissafin, don ni ne mai saurin hannu. Na haɗa na raba, na karanta da bakina: ɗaya da ɗigo saba'in da shida. Ban gama rufe baki ba janareta ya mutu, zaren ya ɓace.

A waje, yana shiga mota, dattijon ya riƙe hannuna. "Malam Lawal, Allah ya ba ka murya da tsari. Ka taɓa tunanin aikin rediyo?" Da zuciya ɗaya ya faɗa. Na yi godiya.

Ruwa ya sauko bayan kwana biyu, ana saura kaɗan a sha ruwa. Hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin, iska ta kwashe kwanon ɗakin girki, sannan manyan ɗigo suka fara dukan ƙasa, ƙamshin nan ya tashi wanda yake sa mai azumi ya ji kamar ya ci ƙasa. Ɗalibai suka fito fili suna ihu, ana tara bokitai a bakin indararo. Buba ya tsaya a tsakiyarsu riga a jiƙe yana ɗaga mini hannu.

"Kaɗo! Binnenku ya sha! Fito mana!"

Ina baranda. Na ce ina jin mura. Ruwan ya ratsa, binne ya tsiro layi-layi, ba gurbin da ya faɗi a inda Buba ya bi. Geron da ya fitar da gidanmu daga wannan shekara, hannunsa ne ya zuba rabinsa. Bayan ƙaramar salla takardarsa ta zo. Ni na goya shi a keke zuwa tasha. Shekara biyu bayan nan na shiga rediyo. Sau biyu sunansa ya zo gabana a takardar labarai, da lambar girma a gabansa, na karanta shi sarai ban yi tuntuɓe ba. A wurin aiki ana yaba mini da cewa ba a gane abin da ke raina daga muryata.

Makon jiya ya zo. Ya yi ritaya daga jami'a, ya shigo Safana ganin 'yan'uwansa da suka baro ruga suka dawo cikin gari. Ɗan acaba ya kawo shi da hantsi, don yanzu ba a bin hanyar nan in rana ta karkata, dole ya kwana. Muka gaisa gaisuwar tsofaffi, mai tsawo, rabinta ta'aziyya. Ya tambayi gonar da muka yi binne, na ce shekara huɗu ke nan ba mai iya zuwa can saboda 'yan bindiga. Na tambayi shanu, ya buɗe tafin hannu ya rufe. Gashinsa ya yi fari tas, rigarsa har yanzu ba guga.

Muna jiran magariba a falo, ɗana Sada ya jera mana dabino da ruwan sanyi a tebur. Na daɗe da shirya jimlar, kamar kanun labarai.

"Buba, ranar da jami'in nan ya zo, na faɗi maganar maganaɗisun ƙasa kamar ni na gano. Kai ka gano. Da gangan na yi."

Ya dube ni yana ƙoƙarin tunowa, kuma na san fuskarsa, ba yi yake don ya kyauta mini ba.

"Kai ka faɗa? Wallahi na ɗauka Malam Sada ne ya yi bayanin." Ya yi dariya har da tari. "To ai ka taimake ni. Da ni aka bar wa wannan dogon Turancin da har yau muna cikin siton nan. Ni abin da na riƙe zafin ne, da warin bargona." Ya gyara zama. "Amma littafinka na wurina, ka sani? Ka bar shi a ɗaki na tafi da shi. Duk shekara sai na nuna wa sababbin ɗalibai shafin nan. In ce ku ga mutumin da ya fi ni iya awo. Ya soke lambar, amma da rula ya soke, layi ɗaya, yadda za a iya karantawa. Da ni ne da na goge ta da yawu, shi ke nan ta tafi."

"Kana gaya musu sunana?"

"Kaɗo nake cewa. Ai sun san kai ne, muryarka na cikin rediyon kowa."

Ban san ko sun sani ba. Na dai san na ɗauki abu shekara talatin da uku ina tsammanin mu biyu muke riƙe da shi, ashe shi bai ma san an ɗauka ba. Na duba cikina da kyau, yadda nake duba takarda kafin a kunna makirufo, ko kishin ya tafi. Yana nan. A da ina kishin ƙwaƙwalwarsa ne, yanzu har da sauƙin zuciyarsa.

Aka kira salla. Muka ci dabino, muka sha ruwa mai sanyin da ke sa haƙori tsami. Ƙafarsa ba ta kai shi masallaci, sai muka ce a yi a nan. Ni da shi da Sada, mutum uku, falo kuma ƙarami.

"Kama can," in ji Buba, ya riƙe gefen teburin. "Juya shi ya bi bango."

Muka juya. Na ce ya wuce gaba, shi ne baƙo. Ya ta da kabbara, ya fara Fatiha. Shekara talatin ana biyana don murya, kuma ina tsaye a bayansa na ji sarai cewa karatunsa ya fi nawa daɗi.